Direban firinta ba tafinta ba ne: sharhi kan babi biyu na littafin Linux Device Drivers

Tambayi ɗalibin kwamfuta mene ne direba, nan take zai karanto maka abin da ya haddace: wata ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin babbar manhajar kwamfuta da na'urar da aka jona mata. Amsar tana cin maki a jarrabawa, kuma da wuya ka buɗe takardar darasi ba ka same ta ba. Matsalarta ita ce ba ta koyar da komai. Wanda ya haddace ta ba zai iya gaya maka abin da direban yake yi ba a lokacin da takarda ta ƙare a firinta, ko dalilin da ya sa kwamfuta ba ta daskarewa yayin da take jiran na'urar da ta fi ta nawa sau ɗaruruwa.

Maganin wannan hadda mafi kyau da muka sani yana cikin wani tsohon littafi, Linux Device Drivers, bugu na uku, wanda Jonathan Corbet da Alessandro Rubini da Greg Kroah-Hartman suka rubuta, kamfanin O'Reilly ya fitar a 2005. Kyauta ne a intanet, shi ya sa har yau malamai ke tura ɗalibai gare shi. Babi na 9 da na 10 sun ɗauki tsohuwar kafar firinta, wato faffaɗar kafar nan mai ramuka 25 da ke bayan kwamfutocin da, suka yi amfani da ita wajen nuna yadda direba ke magana da ƙarfe. Waɗannan babi biyu muke so mu auna: me suka yi daidai, ina suka gaza, kuma ko sun cancanci lokacin mai karatu a yau da kafar kanta ta ɓace daga yawancin kwamfutoci.

Bari mu fara da kafar, don sai an san ta za a gane hujjar marubutan.

Asalinta daga kamfanin Centronics ne na Amurka, wanda ya yi ta saboda firintocinsa a farkon shekarun 1970. Da IBM ya fito da kwamfutarsa ta PC a 1981 sai ya ɗauki tsarin, ya sa masa soket mai fil 25 a ɓangaren kwamfuta, aka bar mai 36 a ɓangaren firinta. Fil na 2 zuwa na 9 su ne wayoyin saƙo, guda takwas, kowace na ɗauke da bit ɗaya. Ke nan bayit guda yana tafiya gaba ɗayansa a lokaci guda, kafaɗa da kafaɗa, daga nan ne sunan faralel ya fito. Fil na 18 zuwa na 25 na ƙasa ne, wato at. Sauran kuwa na gaisuwa ne da tambayar lafiya. Fil na 1, mai suna STROBE, da shi kwamfuta ke cewa "ga saƙo, ɗauka". Na 11, BUSY, da shi firinta ke cewa "dakata, ina aiki". Na 10, ACK, "na karɓa". Na 12 yana nuna takarda ta ƙare, na 13 yana nuna firinta tana kan layi, na 15 kuma yana nuna akwai matsala.

A cikin kwamfuta, duk wannan ya taƙaita ne a adireshi uku da ke jere. Galibi na farkon shi ne 0x378. Abin da ka rubuta a nan shi zai bayyana a wayoyi takwas ɗin. Na biyu, 0x379, karanta shi ake yi don jin halin da firinta ke ciki. Na uku, 0x37A, da shi ake ba da umarni. Shi ke nan fa. Babu wani ɓoyayyen abu a bayansu.

To a nan ne littafin ya yi abin da ya fi kowa. Maimakon ya ce maka direba yana "sadarwa" da na'ura, sai ya ba ka wani ɗan direba mai suna short, ya ce ka samo ƙananan fitilu na LED da 'yan resisto, ka jona su a wayoyin saƙo, ka rubuta harafi ka ga abin da zai kama. Rubuta A, lambarsa 65, a lissafin sifili da ɗaya 01000001 ke nan. Fitila biyu za su kama, ta fil na 2 da ta fil na 8, sauran shida su zauna a mace. Duk wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ya rabu da tunanin cewa akwai wani siddabaru tsakanin manhaja da waya. Lamba ce ka ajiye a adireshi, wuta ta bayyana a ƙarfe. Da wuya a samu wata kafa a kwamfutar zamani da za ta bari ka ga haka tsirara, domin USB tana naɗe komai cikin ƙunshi-ƙunshi da ƙa'idoji masu hawa-hawa. Zaɓen da marubutan suka yi na wannan kafa ba don ƙaunar tsohon kaya ba ne, dabarar koyarwa ce, kuma ta yi aiki.

Yanzu dubi yadda ake tura harafi ɗaya zuwa firinta ta gaske. Direba zai karanta adireshin hali ya ga ko firinta ta saki BUSY. Idan ta saki, sai ya ajiye bayit ɗin a adireshin saƙo, ya ɗan jira wutar ta zauna daram a wayoyin, sannan ya ja STROBE ƙasa na kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ya sake shi. Firinta ta ɗauki bayit ɗin, ta ɗaga BUSY, in ta gama ta buga ACK ta sauke BUSY. Sai a koma farko da harafi na gaba. Akwai ma wani ɗan tarko da ke kama sababbin shiga: wasu daga cikin wayoyin a juye suke. Idan firinta tana cikin aiki, bit ɗin BUSY sifili yake nunawa, ba ɗaya ba. Idan kuma kana son jan STROBE ƙasa, ɗaya za ka rubuta. Littafin ya nuna wannan juyi a zanensa na kafar, kuma wanda bai kula da shi ba zai rubuta direban da ke jira lokacin da ya kamata ya tura, ya tura lokacin da ya kamata ya jira.

Ka lura da abu ɗaya a duk wannan zagaye: ba a fassara komai ba. Bayit 65 ya shigo hannun direba, bayit 65 ya fita. Ina tafintan yake?

Ga misalin da ke warware maganar. Ɗauki bayit biyu, 27 da 69, wato alamar ESC da harafin E. Idan suka isa firintar Epson mai allurai, wadda ke jin yaren ESC/P, ma'anarsu ita ce ta fara buga rubutu mai kauri. Idan suka isa firintar HP mai jin yaren PCL, ma'anarsu ita ce ta watsar da duk saitin da take kai ta koma yadda take a farko. Umarni biyu da ba su haɗa hanya ba, alhali direban kafar iri ɗaya ya tura su, kuma bai san me ya tura ba. Mu masu rubutun Hausa muna da namu misalin a gida. Harafin ɗ a tsarin UTF-8 bayit biyu ne, 201 da 151. Tura shi kai tsaye zuwa tsohuwar firinta da ke kan teburin haruffa na PC437, za ta buga maka wata kusurwar akwati mai layi biyu sannan harafin u mai alama a ka. Direban bai yi kuskure ba ko kaɗan, abin da aka ba shi ya isar. Haka nan matsalar nan ta rubutu mai saukowa kamar matakala, inda kowane layi ke farawa daga inda na samansa ya ƙare: Unix na rufe layi da bayit 10 kaɗai, firintar kuma tana jiran 13 kafin ta mayar da kanta bakin takarda.

Tafinta yana nan, amma a wani hawa yake. Shi ne manhajar da ke karɓar shafinka ta mayar da shi PostScript ko PCL ko ESC/P, aikin da Ghostscript da matatun CUPS ke yi a Linux. Abin da ya rikita mutane shi ne duka biyun ana kiransu direban firinta. Wanda kake saukewa daga shafin kamfani don samfurin firintarka, yawanci shi ne mai fassarar. Wanda ke zaune cikin kenel, wato zuciyar babbar manhaja, yana riƙe da adireshi 0x378, wannan bai san ko Epson ce a ƙarshen wayar ko HP ba. Littafin ya san da wannan bambanci, har ya gargaɗi mai gwaji da ya tura fayil ɗin da firintarsa za ta gane. Amma a gurguje ya wuce, kamar kowa ya riga ya sani. Wannan shi ne ƙorafinmu na farko. An rubuta shi ne don masu shirya manhaja da suka riga suka goge, ɗalibin da ya zo da haddar tafinta a kansa kuwa zai iya gama babin bai gane cewa an rushe masa haddar ba.

To in ba fassara ba, me direban ke yi? Jira. Yawancin rayuwarsa jira ne, kuma gwanintarsa tana cikin yadda yake jiran.

Mu yi lissafi. Shafi cike da rubutu zalla, layi 66 kowane da harafi 80, ya kama harafi 5,280. Kafar a tsarinta na asali tana iya wuce da bayit kusan 150,000 a daƙiƙa, ke nan shafin zai wuce cikin ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari na daƙiƙa. Firinta mai allurai irin Epson LX-300, wadda aka saba gani tana buga rasit mai kwafi biyu ko uku, kimanin harafi 300 take bugawa a daƙiƙa idan tana sauri. Shafin zai ɗauke ta fiye da daƙiƙa 17. Tazarar ta kai ninki 500. Firintar tana da ɗan rumbunta da take tara saƙo, amma da zarar ya cika sai ta ɗaga BUSY, daga nan tafiyar kowa ta koma tafiyar allurai.

Hanyar jira mafi sauƙi ita ce leƙe. Direba ya tsaya yana karanta adireshin hali, ya sake karantawa, ya sake, har BUSY ta sauka. Haka BIOS na kwamfutocin IBM ke yi ta hanyar hidimarsa mai lamba 17h, kuma a zamanin DOS ba laifi ba ne, tunda aiki ɗaya kwamfutar ke yi a lokaci guda, ba wanda aka tare wa hanya. Idan jiran ya yi tsawo sai wa'adi ya cika, DOS ya jefo maka tambayar nan da tsofaffin hannu ba sa mantawa, ko a fasa, ko a sake gwadawa. Amma a babbar manhajar da ke gudanar da ayyuka da yawa, direban da ya tsaya leƙe yana cinye lokacin da sauran ayyuka ke buƙata. Kamar a aiki yaro ya kira mai shago ne, ya tarar da shagon a rufe, ya tsaya yana ƙwanƙwasawa tun safe har azahar alhali akwai aikin gida na jiransa.

Hanya ta biyu ita ce ƙararrawa, abin da babi na 10 ya ginu a kai. Idan aka kunna bit na 4 a adireshin umarni, duk lokacin da wutar fil na 10 ta tashi daga ƙasa zuwa sama kafar za ta katse wa kwakwalwar kwamfuta abin da take yi, galibi ta layin katsewa na 7. Ke nan direba zai iya tura harafi ya tafi barci, firinta ta tashe shi da ACK in ta shirya. Dabarar da marubutan suka kawo don gwada wannan ba tare da firinta ba tana da daɗi: ka haɗa fil na 9 da na 10 da guntun waya. Fil na 9 shi ne bit mafi girma a bayit, don haka duk sanda ka rubuta lambar da ta kai 128 bayan wadda ba ta kai ba, ka buga wa kanka ƙararrawa. Rubutun Ingilishi zalla ba zai taɓa kaɗa ta ba, domin duk haruffan ASCII ƙasa da 128 suke. Rubutun Hausa kuwa zai kaɗa ta a kan kowace ɗ da ƙ da ɓ da ta biyo bayan harafin talakawa, saboda bayit ɗinsu a UTF-8 sun haura 128. Marubutan ba su da mu a zuciya, amma ga shi gwajin nasu ya zama na'urar ƙidaya haruffa masu lanƙwasa.

Wurin da babin ya fi nauyi a wajenmu shi ne ƙarshensa, inda aka kawo wani direba mai suna shortprint da ke tuƙa firinta ta gaske. Manhaja ta miƙa masa rubutu, ya zuba a wani rumbu mai zagaye, ya sallame ta ta ci gaba da harkarta. Daga rumbun yake ɗiban bayit ɗaya-ɗaya, kowace ƙararrawa ta jawo na gaba. Idan rumbun ya cika sai mai rubutu ya yi barci har a samu gurbi. Sannan ga abin da ya raba littafin da takardun darasi: an sa agogo. Bayan an tura harafi, idan lokaci ya wuce ba a ji ƙararrawa ba, agogon zai tashi direba ya je ya leƙa da kansa. In firinta tana aiki har yanzu, ya ƙara mata lokaci. In kuwa ta gama tuntuni, to ƙararrawar ce ta salwanta a hanya, sai ya ci gaba kamar ya ji ta.

Wannan 'yar dabara ita ce darasin babin gaba ɗaya. Direban da ya dogara da ƙararrawa kaɗai, ranar da ɗaya ta ɓace zai kwanta yana jiran abin da ba zai zo ba, firinta ita ma tana jiransa, aikinka ya maƙale a tsakiyar shafi ba tare da wani saƙon kuskure ba. Kuma layi na 7 yana da tarihin da zai sa a ƙi amincewa da shi. A tsofaffin kwamfutoci, guntun 8259 da ke kula da katsewa yana kai rahoton ƙararrawar bogi ne a kan layi na 7, duk sanda wata na'ura ta ɗaga hannu ta sauke kafin a amsa mata. Katin sauti na Sound Blaster na farko ma a kan 7 ɗin yake zuwa. Saboda irin wannan cunkoso, an daɗe ana tafiyar da firinta a Linux da leƙe mai haɗe da barci: a leƙa, in ba a shirya ba a ba wasu ayyuka wuri na ɗan lokaci, a dawo. Wato hanyar da ake koya wa ɗalibai cewa ita ce ta gidadanci, ita ce ta fi aminci a wannan kafa. Littafin ya kai mai karatu bakin wannan gaskiya ta hanyar agogonsa, kuma ya cancanci yabo a kan haka.

Sai dai daga nan ne kuma gazawarsa ta fi fitowa. Babin ya damu da ƙararrawar da ta ɓace, bai tsaya a kan firintar da ta lalace ba. Kafar tana da wayoyi uku sukutum na kawo ƙorafi, na 12 da na 13 da na 15, amma mai karatu zai gama babin bai ga an zauna an tattauna abin da ya kamata a yi da su ba. Kuma tambayar ba ƙarama ba ce. Takarda ta ƙare a shafi na bakwai cikin goma. Direba ya jira har mutum ya zo ya zuba wata, ko ya mayar wa manhaja kuskure? In ya jira, har yaushe? In ya mayar da kuskure, bayit nawa zai ce sun wuce, don kada a sake buga abin da aka riga aka buga ko a tsallake wani? Wannan hukunci ne, ba aikin waya ba, kuma shi ne ɓangaren aikin direba da ke shafar mutumin da ke tsaye gaban firinta.

Wanda ke son ganin amsar sai ya bar littafin ya buɗe fayil ɗin lp.c, direban firinta na gaske da ke cikin kenel ɗin Linux, wanda ke bayan /dev/lp0. A can akwai ɗan gajeren aiki da ke karanta adireshin hali ya yanke hukunci daki-daki. Idan wayar matsala ba ta ce komai ba, lafiya lau. Idan ta yi magana kuma wayar takarda ta tashi, sai a rubuta cewa takarda ta ƙare. Idan ba takarda ba ce amma firinta ta sauka daga layi, a rubuta haka. Idan kuma tana kan layi, takarda na nan, amma tana ihun matsala, direban ya ƙure iliminsa, sai ya rubuta shahararren saƙon nan, lp0 on fire, wato firinta ta kama da wuta. Ana yawan kawo shi a matsayin barkwanci, amma ka duba abin da yake nunawa: da wayoyi uku kacal, iyakar abin da direba zai iya bambancewa ke nan, duk wata cuta da ba ta cikin biyun farko suna ɗaya gare ta. Akwai wasu ƙananan hukunce-hukunce a wurin da suka fi barkwancin amfani. Direban yana tuna kuskuren da ya rubuta na ƙarshe don kada ya cika kundin rahoto da maimaici. A al'adarsa yana jira ya sake gwadawa, sai in an saita shi ya fasa nan take. In kuma zai mayar da kuskuren ƙarewar takarda, lambar da yake amfani da ita ita ce ENOSPC, wadda aka saba gani idan faifan ajiya ya cika. Unix ba ta da kalmar takarda, sai aka ari ta rashin wuri.

Akwai kuma abin da misalan littafin suka kauce wa baki ɗaya. Short da shortprint suna kama adireshin kafar su riƙe shi su kaɗai, har ma ba za su loda ba idan wani direba ya riga su. Amma tun kenel 2.2 na 1999, Linux ya raba aikin gida biyu: wani hawa mai suna parport shi ke mallakar ƙarfen, direban firinta kuma aro yake yi ya mayar. Dalili kuwa, a shekarun 1990 ba firinta kaɗai ke rataye a kafar ba. Akwai na'urar ajiya ta Zip ta kamfanin Iomega, akwai sikana, akwai 'yan makullan da kamfanonin manhaja ke bayarwa don hana satar kayansu, sau da yawa a jere a kan waya ɗaya. Saboda haka lp.c idan zai yi dogon jira yakan ba wasu damar amfani da kafar. Hawan parport ne kuma ke kula da ƙa'idar IEEE 1284 ta 1994, wadda ta kawo hanyoyin EPP da ECP masu sauri, ta kuma ba firinta damar faɗin sunanta da yaren da take ji. Za a iya kare marubutan da cewa sauƙi suke nema, kuma gaskiya ne da sun fara da parport da fitilun nan ba su kama a shafi na uku ba. Duk da haka, wanda ya tsaya a littafin zai fita da hoton direban da ke zaune shi kaɗai a duniya, alhali rabon na'ura tsakanin masu nema yana daga cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiri babbar manhaja tun farko.

Sai batun tsufa, wanda ba laifin marubutan ba ne amma mai karatu ne ke biyan kuɗinsa. An rubuta littafin a kan kenel 2.6.10. Tun a 2.6.19 aka sauya siffar aikin da ke amsa ƙararrawa, a 2.6.20 aka sauya yadda ake shirya layin ayyukan da aka jinkirta, a 4.15 kuma tsohuwar hanyar saita agogo ta tafi. Ka kwafi misalan yadda suke ka ce za ka harhaɗa su a kwamfutar yau, kuskure za ka tara. Akwai masu sa kai da ke sabunta su a GitHub, can ya kamata a nufa.

Kafar ma sai an nema. Kuma a nan akwai asarar kuɗi da ya kamata a guje wa: wayar nan mai USB a gefe ɗaya da kan firinta a ɗaya gefen ba za ta yi wannan gwaji ba. Tana buga takarda lafiya, amma a wajen kwamfuta firintar USB ce, wani direba daban mai suna usblp ke kula da ita, kuma gaisuwar STROBE da BUSY tana faruwa ne a cikin guntun da ke jikin wayar inda hannunka ba ya kaiwa. Babu 0x378 a wurin. Abin da zai yi aiki shi ne tsohuwar kwamfutar tebur mai kafar a jikinta, irin waɗanda ke jibge a ɗakunan ajiyar makarantu da shagunan masu gyara, ko katin PCI mai kafar, wanda adireshinsa zai bambanta sai ka duba ka gaya wa direban. Manhajar QEMU ma tana kwaikwayon kafar a 0x378, sai dai ba fitilar da za ta kama. A yi hattara da wayoyin kuma, domin kafar da ke jikin babban allon kwamfuta in ta ƙone ba a cire ta a sa wata.

Shin ya cancanci wahalar? Ga mai son rubuta direban da za a yi amfani da shi gobe, babi biyun ba su isa ba, kuma wasu sassansu za su ɓatar da shi. Ga mai son gane abin da direba yake, ba mu san wani rubutu da ya fi su ba, muddin an karanta su tare da lp.c a gefe. Abubuwan da ke cikinsu, rumbu tsakanin mai sauri da mai nawa, barci maimakon tsayuwa, agogon da ke gadin ƙararrawa, su ne dai ke cikin direban katin intanet da na faifan ajiya, sai dai a can an binne su ƙarƙashin dubban layuka. Kafar kanta ba ta mutu ba tukuna: masu injinan sassaƙa da ke aiki da LinuxCNC har yanzu suna tura bugun motocinsu ta fil ɗinta, saboda dalilin da ya sa marubutan suka zaɓe ta, wato abin da ka rubuta shi ke fita a waya nan take.

Ga malamin da zai koyar da wannan, tsarin da muke ganin ya fi shi ne a fara da fitilu da harafin A, a bi da wayar fil na 9 da na 10, sannan a jona firinta ta gaske a tura mata shafi goma, a zare takardar tana tsakiyar bugawa. Daga nan a ba ɗalibai shortprint da lp.c, a ce su nemo layin da kowannensu ke tsaye a kai a daidai wannan lokacin.